Madobiya na ƙarewa: ko gwajin DNA zai iya tsare mana abin da ya rage?

Ɗan Bali:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shekaranjiya na dawo daga gida, kuma har yanzu abin da na gani bai bar zuciyata ba. Akwai wani daji a bayan garinmu, Bali ta jihar Taraba, inda muke kai awaki muna yara. In hunturu ya yi tsakiya, madobiya takan zubar da ganyenta kaf, sai ta rufe da fure rawaya, kana hango ta tun daga kan hanya, ƙudan zuma na ta kai da kawo. Wannan karon na shiga na yi tafiyar kusan awa guda, ban ga babbar madobiya ko ɗaya a tsaye ba. Kututture ne ko'ina. Yaran garin ma ba su san sunanta na asali ba, madrid suke ce mata, sunan da ya zo tare da masu injin yanka da tireloli.

Abin da ya sa na kawo maganar nan: na ji ana cewa yanzu akwai gwajin da ake yi wa katako, irin wanda ake yi wa mutane in an yi jayayya kan uban yaro, har a gane wace irin bishiya ce da dajin da aka saro ta. Da gaske ne? In gaskiya ne, yana da wani amfani ga irinmu da aka riga aka kwashe wa daji?

Baba Kafinta:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya ba ku haƙuri. Ni shekarata sama da 40 ina wannan sana'a, kuma ban taɓa buƙatar wani gwaji ba. Kawo mini guntun katako a Na'ibawa 'Yan Katako, in goge shi in shinshina, zan gaya maka madobiya ce, ko madaci, ko kawo, ko kirya. Madobiya tana da ƙamshinta, tana da nauyinta, tana da wannan zanen mai duhu da ke ratsa jikinta. Me na'ura za ta faɗa da hanci da ido ba su faɗa ba?

Malama Tsirrai:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ba na ja da kai ko kaɗan, domin abin da ka sani da hannu ni sai na yanka siririn katako na sa a madubin ƙara girma kafin in kai rabinsa. Amma a bar ni in tambaye ka abu biyu. In an kawo maka guntun madobiya, za ka iya cewa ta Taraba ce ko ta Kamaru ko ta arewacin Ghana? Kuma in aka tsare kwantena a tashar jiragen ruwa ta Apapa, mai kaya ya ce wani itace ne daban wanda doka ba ta hana ba, alƙali zai karɓi shaidar hanci?

Ga yadda abin yake, Malam Ɗan Bali. Duk mai rai, mutum ko dabba ko tsiro, yana ɗauke da wani dogon rubutu a cikin ƙwayoyin halittarsa, shi ake kira DNA. Haruffansa huɗu ne kacal, A da T da C da G, amma jerinsu ya sha bamban daga wannan halitta zuwa waccan. Ba sai an karanta rubutun duka ba. Akwai wurare ƙalilan da aka sani, in aka duba su sun isa a gane mai shi. Su ne alamomin. Ku ɗauke su kamar askar gado: da can in baƙo ya sauka a kasuwa, kafin ya buɗe baki an san Bagobiri ne ko Babarbare, daga fuskarsa kawai.

Wani masani a Jami'ar Guelph ta Kanada, Paul Hebert, shi ya fito da wannan tsari a 2003, ya fara da dabbobi. Tsirrai sun fi ba da wahala, sai a 2009 masana suka daidaita kan wurare biyu da ake kira rbcL da matK. Ko su ɗin ma, a gwajin da aka yi lokacin, kusan kashi 72 cikin 100 na tsirran suka iya bambancewa har matakin jinsi. Shi ya sa in itatuwan 'yan uwan juna ne na kusa akan ƙara da wasu wuraren.

Baba Kafinta:
To, Malama, maganar daga ina ta fito kam ban isa ba. Wannan na yarda.

Gaskiya Ɗaya:
Ku yi haƙuri da ni, amma ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Wa ya ce matsalarmu rashin gane madobiya ce? Tirelolin nan da rana tsaka suka riƙa wucewa, daga Garba Chede har Legas, shingen jami'ai nawa ne a hanya? Kowa ya san abin da aka ɗauko. Direba ya sani, mai shinge ya sani, wanda ya buga hatimi ya sani. Najeriya ta kai matsayin wadda ta fi kowa tura wannan itace ƙasar Sin, ba a ɓoye aka yi ba. Ka kawo na'urar biliyoyi ka ajiye, wanda zai danna ta in an ba shi na goro zai ce sakamako ya nuna darbejiya ce.

Malamin Daji Mai Ritaya:
Ƙanina, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ni da na yi aikin ba zan musa ba. Na taɓa tsare mota cike da gumagumai, kafin la'asar umarni ya zo daga sama cewa in sake ta. Na koma gida ran nan ban iya cin tuwo ba. Amma ɗaya rabin fa? Ba duk mai kaki ne ɓarawo ba. Akwai ranar da na tsaya gaban kaya, an yanke su murabba'i, an feƙe ɓawon, an shafa fenti a bakinsu, takarda kuma ta ce wani itace ne daban. Zuciyata ta san ƙarya ne, amma ba ni da abin da zan ɗora a kan tebur. Wanda yake son yin gaskiya shi ma yana buƙatar makami.

Kuma ku lura, kayan nan ba a nan suke ƙarewa ba. Akwai yarjejeniyar CITES ta 1973 da ke kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa. An amince da saka madobiya a rukuninta na biyu, na waɗanda ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da takardar izini, a taron Johannesburg na 2016, dokar ta fara aiki farkon 2017, sannan a 2018 aka ba da shawarar dakatar da sayenta daga Najeriya. Ma'ana ko an saye mai shinge a nan, akwai wata ƙofar a can inda jirgi zai sauke kaya. In can suna da hanyar tabbatarwa, cin hancin nan bai isa ya wanke kayan ba.

Malama Tsirrai:
Yallaɓai ya taɓo inda ya dace. A taron Panama na 2022 sai da aka saka dukkan dangin madobiya na Afirka a wannan rukuni, haɗe da dangin madaci da dangin kawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne in an yanke su sun yi kama da juna, mai fasa ƙwauri sai ya laƙaba wa haramtaccen sunan ɗan uwansa. Duba katako a madubi yawanci yana kai ka ga dangi ne kawai, ba ya raba 'yan ɗaki ɗaya.

Ƴar Zangon Tamale:
Salamu alaikum. Mu ma a arewacin Ghana abin da ya same mu ke nan, musamman wajen Damongo kusa da gandun dajin Mole. An sa dokar hana sara an ɗage, an sake sawa, ba sau ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne wayon da ake yi na cewa wai itacen da ya riga ya faɗi ake kwashewa. Tambayata ga Malama: an taɓa kama wani da wannan gwaji kuwa, ko dai magana ce ta cikin littafi?

Malama Tsirrai:
An taɓa, Hajiya. A 2021 a jihar Washington ta Amurka an yi shari'ar wani mutum da aka zarga da satar wata bishiya da ake kira maful, wadda ake yin jita da sauran kayan kiɗa da katakonta, daga gandun dajin gwamnati na Olympic. Ya ce a filin wani ya sara kuma da izini. Masana suka ɗebo samfuri daga kututturen da aka bari a dajin gwamnati, suka gwada da katakon da ya sayar wa masu injin, suka tarar abu ɗaya ne. Kotu ta same shi da laifin satar. Wannan ne karo na farko da aka gabatar da DNA na bishiya a shari'ar laifi a kotun tarayyarsu.

Ku lura wannan ba tambayar "wace irin bishiya" ba ce, tambayar "wace bishiya" ce, ita ɗin da kanta. Matakai uku ne. Na farko jinsi. Na biyu yanki. Na uku bishiya ɗaya tilo. Na biyu da na uku suna buƙatar wasu alamomi masu saurin sauyawa, wuraren da 'yan haruffa ke maimaita kansu, wata bishiyar sau 10, wata sau 14. In ka haɗa irin waɗannan wurare da dama, da wuya bishiyoyi biyu su zo daidai.

A Jamus akwai Cibiyar Thünen da ke yi wa 'yan kwastan da 'yan kasuwa irin wannan bincike kan asalin katako.

Gaskiya Ɗaya:
Amurka da Jamus. Na ji. A nan fa?

Jikan Arɗo:
Kafin a amsa masa, ku ba ni dama in faɗi abin da ba a faɗa ba tukuna. Ana ta maganar katako da kuɗi, amma mu madobiya abincin dabbobi ce. Ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙone, ita da kawo da madaci su ke fitar da sabon ganye. Kakana yakan hau ya sassabo rassa, shanu su taru a ƙasa, bishiya kuma ba ta mutuwa, baɗi ta sake tohowa. Ya san kowacce a hanyarmu kamar yadda ya san shanunsa, har yakan ce waccan ganyenta ya fi sa nono. Da aka kwashe su, dole garke ya matsa kusa da fadama da gonakin rani, kuma kun san abin da hakan ke haifarwa tsakaninmu da manoma. Ba na cewa shi ne kaɗai dalilin rigima, amma yana ciki, kuma ban taɓa jin an lissafa shi a cikin asarar ba.

Ɗan Bali:
Wallahi haka ne, ɗan uwa. Mahaifiyata ma jan ruwan da ke fita in an sari ɓawonta take nema na magani, yanzu sai ta aika nesa.

Malama, maganar Gaskiya Ɗaya tana nan. Mu a ina muka tsaya?

Malama Tsirrai:
Zan faɗa muku ba tare da na yi wa abin kwalliya ba. Matsala biyu ce, kuma ta biyun ta fi ta farko girma.

Ta farko, fitar da DNA daga busasshen katako aiki ne ja. Ganye ɗanye cike yake da shi. Ɓawo da farin gefen itace ma da sauƙi. Amma jan tsakiyar nan, wanda shi ne abin da 'yan kasuwa ke so, ƙwayoyinsa sun mutu tun bishiyar tana tsaye, rubutun ya kakkarye, kuma sinadaran da ke ba shi launi da ƙamshi, waɗanda Baba yake shinshinawa, su ne ke hana gwajin tafiya. In an gasa katakon a na'urar busarwa abin ya ƙara lalacewa. Ana samu, amma ba kullum ba. Shi ya sa ake haɗawa da wasu hanyoyin, kamar gwajin sinadaran itacen da ake yi a ɗakin binciken hukumar namun daji ta Amurka a Ashland.

Ta biyu ita ce ke hana ni barci. Gwajin nan kwatance ne. Askar Gobirawa ba ta gaya maka komai in ba ka taɓa ganin Bagobiri ba. Kafin a ce wannan gungume daga Bali yake, sai an riga an je Bali an ɗebo ganyen bishiyoyi masu yawa, an rubuta daidai inda kowacce take, an yi haka a Gassol da Gashaka da Adamawa da Kogi da ƙetaren iyaka, an adana. Ba tare da wannan taska ba, na'ura komai tsadarta ba ta da abin faɗa. Kuma ana sare bishiyoyin da sauri fiye da yadda ake tattara samfurinsu. Dajin da aka share kafin a ɗauki shaidarsa, ko an kama katakonsa a Sin babu mai iya cewa nasa ne.

Na'urori kuwa akwai su a ƙasar nan. A garin Ede na jihar Osun aka fara karanta ƙwayar halittar cutar korona a Afirka a 2020. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta daɗe tana irin wannan aiki kan rogo da wake da doya. A Ibadan ɗin kuma Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya tana da babbar ma'ajiyar busassun tsirrai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙafar da za ta shiga daji, da idon da ya san bishiyar.

Gaskiya Ɗaya:
To a nan ina da wani tsoron. Mu tattara, mu ba su, su kai ƙasashensu, gobe su fito da magani ko iri su sayar mana. Ba yau aka fara ba.

Malama Tsirrai:
Tsoronka yana kan hanya, ƙanina, kuma saboda irinsa aka yi yarjejeniyar Nagoya a 2010, wadda ta ce ba a ɗaukar irin wannan dukiya sai da izinin ƙasa da yardar al'ummar wurin, kuma a raba amfanin da aka samu. Aiwatarwa na da rauni, ban ɓoye ba. Amma maganin hakan shi ne mu riƙe taskar a hannunmu, ba mu ƙi tarawa ba.

Bamaraɗe:
Sannunku da hira. Ni daga Maradi nake bin ku tun ɗazu. Malam Ɗan Bali, kututturen da ka gani, sun mutu ne ko suna tohowa?

Ɗan Bali:
Da yawa sun fitar da 'yan rassa a gefe. Wasu awaki sun cinye, wasu wuta ta lashe.

Bamaraɗe:
To dajinku bai mutu ba. Mu nan mun ga abin da ya fi wannan. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 gonakinmu sun zama fili fetal, iska na binne shuka. An kawo dashe an dasa, akasari suka mutu. Abin da ya cece mu shi ne sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoma a nan yankin tun 1983. Ba dasawa ake yi ba. Kututturen da ke gona, mai saiwa a ƙasa, shi za ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka yanke sauran, ka tsare shi daga dabba da wuta. Saiwar ta riga ta kai ga ruwa, don haka girmansa ba ya ɗaukar lokaci. Yau tsakanin Maradi da Damagaram ana maganar kadada miliyan 5 da suka farfaɗo ta haka. Mahaifina yana da gawo fiye da 30 a gonar da na tashi na gani babu ko inuwa.

Malama Tsirrai:
Allah ya saka da alheri, Malam. Ka faɗi abin da nake shirin zuwa gare shi, kuma ka fi ni iya faɗarsa. Wannan tohon da ke jikin kututture, DNA ɗinsa daidai yake da na bishiyar da aka sare, harafi da harafi. Abu biyu ke nan. Shaidar dajin Bali ba ta tafi da tirela ba, tana nan a ganyen tohon, ana iya ɗiba yau. Sannan irin da ya saba da ƙasarku da ruwanku yana nan da ransa.

Wannan na biyun shi ne amfanin alamomin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina ya fi kama ɓarawo muhimmanci. Masu sara manyan bishiyoyi miƙaƙƙu suke zaɓa, su bar karkatattu. In aka zo farfaɗo da daji aka ɗebi iri daga uwa ɗaya ko biyu, za a samu bishiyoyi dubu amma duk 'yan ɗaki ɗaya, cuta ɗaya ta isa ta kwashe su. Gwajin yana nuna wane daji ne ya fi yawan bambanci a cikinsa don a fara tsare shi, da waɗanne uwaye ne ba dangin juna ba don a haɗa irinsu. A Ostareliya akwai wata bishiya, Wollemi, da aka gano a 1994, manyanta a daji ba su kai 100 ba. Da aka gwada su sai aka tarar kusan babu bambanci a tsakaninsu, shi ya sa ake ɓoye wurin da suke, don ko ƙasar da ke takalmin baƙo tana iya kai musu cuta. Ba na so madobiya ta kai nan. Tun 2018 tana jerin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, na waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa.

Ko kaɗanya ku duba: tamu ta yammacin Afirka daban take da ta Uganda da Sudan ta Kudu, wadda man da take bayarwa ya fi laushi. Suna ɗaya, amma ba a ɗauko wannan a dasa a madadin waccan da ka.

Baba Kafinta:
Malama, na saurara da kyau. Ni ma ina da laifi a ciki, don na saya na yi gadaje da ƙofofi ban taɓa tambayar daga ina ba. Ina da tsofaffin guntaye a shago waɗanda na san garuruwan da aka kawo su. In suna da amfani, ga su nan.

Malama Tsirrai:
Suna da shi, Baba, musamman don gwada hanyar fitar da DNA daga tsohon katako. Ka rubuta sunan garin da shekarar a jikin kowanne, kada a shafa musu fenti ko man goge katako.

Ɗan Bali:
Ni kuma me zan yi in na koma? Hutun ƙarshen zango ya kusa, kuma ina da ɗalibai da suka san dajin fiye da ni.

Malamin Daji Mai Ritaya:
Kafin ka tsinki ganye ko ɗaya, ka fara zuwa wurin mai gari da sarkin daji, sannan ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma. In wurin gandun gwamnati ne sai da takarda. Cikin gandun dajin ƙasa na Gashaka-Gumti kuwa kada ka shiga ɗiban komai sai da izinin hukumar gandun. Ka tafi da dattijo ɗaya ko makiyayi da ya san itatuwa, don toho ƙarami yana ruɗar ido.

Jikan Arɗo:
Ina da baffa a wajen Gassol, duk kututturen madobiya da ke hanyar kiwonsu ya san shi. Zan yi masa magana.

Malama Tsirrai:
Madalla. Ga yadda za ku yi. Daga kowane kututture ku ɗauki ganye biyu ko uku masu lafiya, waɗanda ƙwari ba su ci ba. Kowanne a ambulan ɗinsa na takarda, kada a haɗa, kada kuma a sa ɗanyen ganye shi kaɗai a leda don zai ruɓe. Ku sa ambulan ɗin a mazubi mai murfi tare da silika, irin ƙwayoyin nan da ake samu a ƙunshe cikin kwalin sabon takalmi, masu sayar da kayan ɗakin gwaji suna da ita da yawa. Ku bar tazara mai kyau tsakanin kututture da kututture, ko da taku 100 ne, don kada ku yi ta ɗiban 'ya'yan uwa ɗaya. Kowanne a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa, a rubuta wurin da waya ta nuna a taswira. In kun ci karo da babba da ta tsira, ku haɗo da reshe mai fure ko 'ya'ya, waɗannan masu fiffike da ƙaya a tsakiya kamar bushiya, ku danne shi a tsakanin jaridu. Shi za a ajiye a ma'ajiya ya zama shaidar cewa madobiya ce aka ɗiba. Wuraren manyan kuma kada ku saka su a wannan zaure ko wani dandali, ku turo mini ta akwatin sirri.

Ɗan Bali:
Na rubuta duka. Ambulan nawa zan tanada a karon farko?

Malama Tsirrai:
Ka fara da 30 daga dajin bayan garinku. In baffan Jikan Arɗo ya amince, a yi wasu 30 a Gassol.